Neman kalma: mi za mu kira masu kwashe mana rubutu a intanet?

Salamu alaikum jama'a, musamman malamanmu na Hausa da marubutan Katsina da Daura. Kalma nake nema kuma da gaske nake. Wannan abin da bature ke cewa filajarizim, wato ɗaukar rubutun wani ka ce naka ne, da ƙaninsa na intanet inda mutum zai shiga shafinka ya kwashe rubutunka kaf tun daga kanu har ɗigon ƙarshe ya kai nasa shafin ya zuba talla a kai yana karɓar kuɗi, mi za mu kira shi da Hausa?

Na san za a ce satar fasaha, ita ce a bakin ƴan jarida kuma ba laifi. Amma ta yi faɗi da yawa, mai buga faifan waƙar wani a kasuwa satar fasaha, mai kwaikwayon zanen hula satar fasaha. In ka ce ma yaro ka yi min satar fasaha sai ya ce wace fasaha kuma, ai rubutu ne kawai na taya ka yaɗawa. Wannan "na taya ka yaɗawa" ita ke ci min rai wallahi, ita da waɗanda ke goge sunanka su rubuta wai kofid (wato an kwafo) a ƙasa suna ganin sun fita haƙƙi.

Wani yayanmu daga Kofar Kaura ya ce a bar shi a kwafi kawai. Yaya ka yi haƙuri ban yarda ba, don kwafi ba laifi ba ne a wurinmu. Garin nan namu Katsina da kwafi ilmi ya rayu, rubuce-rubucen su Ɗan Marina da Ɗan Masani da hannu aka riƙa juyarsu daga takarda zuwa takarda har suka iso mana, kuma mai juyar littafi yakan faɗi mai littafin, wani lokaci a ƙarshe ya sa nasa sunan a matsayin wanda ya rubuta da hannu ya roƙi addu'a. Malamai har yau cewa suke na naƙalto daga wane. To ka ga ɗaukar ba ita ce matsalar ba, yanke sunan mai abu da ɗauka ba izini su ne.

Ƙanwata ta kawo wankiya, irin yadda ƴan fim ke cewa an wanke fim ɗin Indiya. Tana da daɗin faɗi, sai dai mai wanki yana ɗan wahala, yana canja suna da gari da kaya. Ta dace da wanda ya juya maka jimloli don kar a gane, mu ajiye mashi ita. Wanda nake magana ko harafi bai taɓawa. Wasu ma ba mutum ba ne ke yi, manhaja ce aka ɗaura ma shafinka, kana sakin rubutu tana janyewa, kafin ka gama shan shayi ya bayyana can.

Ni dai abin da na kawo shi ne kwashi-liƙa. Mai yi kuma ɗan kwashi-liƙa, manhajar da ke yi manhajar kwasa. Ginin kalmar namu ne, irin su ɗauki-ba-daɗi da faɗi-tashi, kuma ko wanda bai taɓa riƙe kwamfuta ba in ya ji zai ga hoton abin, an kwasa an liƙa ba a yi gumi ba.

Tunda wasu sun tambaya yadda ake kama su, ba wuya. Ka ɗauki jimla guda daga tsakiyar rubutunka, ba ta farko ba don ita suka fi canjawa, ka sa ta cikin alamar zance ka nema a Google, zai fito maka da inda jimlar take daidai yadda ka rubuta. Mu masu Hausa sai ka nema sau biyu, da ƙ da ɗ da ɓ masu lanƙwasa sannan da marasa lanƙwasa, don sau da yawa wajen liƙawa haruffan nan ke lalacewa, ka ga "ƙasa" ta koma alamar tambaya da "asa" ko wani ɗan akwati a tsakiyar kalma, wannan kan zama alamar ba a nan aka haifi rubutun ba. Akwai Google Alerts da za ka ba jimla ya riƙa turo maka imel in ta ɓulla wani wuri, akwai Copyscape da ake ba adireshin shafi ya nemo masu kama da shi. Hoto kuma Google Lens.

In ka kama, kar ka fara da zagi a kwament. Ka ɗauki sikirinshot da adireshin shafin da kwanan wata tukuna, in naka yana ajiye a Wayback Machine, ma'ajiyar shafukan intanet, ma ya fi, shaida ce cewa kai ka riga. Sannan ka tura mashi saƙo cikin mutunci ya sauke ko ya sa sunanka da linkin, da yawa yara ne da ba wanda ya taɓa gaya masu haƙƙi ne. In ya ƙi sai ka kai ƙara wurin kamfanin da ke riƙe mashi da shafin, Facebook na da fom na wannan, Google ma na da shi bisa dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1998, sai dai in ba Google ke riƙe da shafin ba daga sakamakon bincike kawai zai cire, shafin na nan. Mu ma nan gida dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da Buhari ya sa ma hannu a watan Maris na 2023 ta tanadi a aika takarda a sauke abin da aka sata a intanet, kuma ba sai ka yi rajista ba rubutunka ke zama naka, yana da kariya har shekara 70 bayan rasuwarka.

Nan ne gyaran wani malaminmu, Baba Malam, ya shigo, ya ce kwashi-liƙa ba za ta zauna a takardar ƙara ko gaban alƙali ba, ta yi kama da maganar majalisar hira. Allah ya ƙara ma Malam lafiya, gaskiya ne na karɓa. To mu raba, a takarda da labarai a ce satar rubutu, a bakinmu da kwament a ce kwashi-liƙa, wanda ya juya jimloli kuma wankiya. Ita takardar da ake aika ma kamfani ni takardar saukewa nake ce mata, mutanen Daura ban ji ku ba a kan wannan.