Neman shawara: wane jak ya dace da Ninja 300 don gyara a gida?

Mai tambaya, Zariya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Kawasaki Ninja 300 tokumbo, ƙirar 2014. Kafin shi Boxer nake hawa, kun kuwa san Boxer da babban jak ɗinsa na tsakiya yake zuwa: ka taka, ka ja baya, taya ta tashi, ka yi aikinka. Wannan ƙaramin jak na gefe kawai gare shi. In zan sa wa cen mai sai in fesa, in tura mashin gaba kaɗan, in sake durƙusawa, har in kai bakin ƙofa ban zagaye cen ɗin ba. Ga ƙurar hunturu ta shigo.

Abin da nake so in riƙa yi da hannuna: wanke cen da ɗaure shi, juyen baƙin mai, canjin takalmin birki, da kwance taya in kai wa mai faci, don masu facin unguwarmu ba su da abin ɗaga irin wannan mashin. Na ga iri uku a intanet: mai kamar almakashi da ake sa shi ƙarƙashin inji, na haidurolik da ake takawa da ƙafa, da wani mai ƙananan tayoyi da ke kama baya. Ina kuma da jak ɗin mota a gida. Tsakar gidan rabi siminti ne, rabi ƙasa. Wanne zan saya? Allah Ya saka da alheri.

Bakanike, Fagge:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka fitar da ko sisi, shimfiɗa kwali ka kwanta ka leƙa cikin mashin ɗinka. Abin da za ka fara gani robar jiki ce, bayanta bututun salansa guda biyu sun sauko daga gaban inji sun bi ta ƙasa, sai kaskon baƙin mai. Babu ƙarfen shasi a wurin, domin a irin wannan ƙira injin rataye yake a jikin shasi. To ina jak mai almakashi zai zauna? In ya tokari salansa ya lotsa ta, in ya tokari kaskon mai ka ɗora kilo 172 a kan ɗan guntun alminiyam mara faɗi. Mai almakashi da na haidurolik an yi su ne don mashinan da ke da ƙarfe biyu shimfiɗe a ƙarƙashin inji, irin su Harley-Davidson, ko mashinan daji masu tsayi. Kada rubutun kilo 500 ko 680 da ke jikin kwalinsu ya ruɗe ka. Nauyi ba shi ne damuwarka ba, wurin kamawa ne.

Na ukun nan shi ne naka. Duba ƙarfen da ya riƙe tayar baya, can ƙasa kusa da notin taya, za ka ga rami mai zare dama da hagu. Kamfani ya bar su ne don a ɗaura wasu 'yan gajerun maƙalai masu kwarmi a tsakiya, bakin jak ɗin ya shiga kwarmin ya ɗaga. Na Ninja 300 zaren milimita 10 ne. Yawancin Honda da Suzuki 8 ne, Yamaha 6, saboda haka ka faɗa wa mai kaya sunan mashin ɗinka, kada ya ba ka na wani. Akwai jak mai faffaɗan baki na roba da ke shiga ƙarƙashin ƙarfen ba tare da maƙalai ba, yana aiki, amma in man cen ya taɓa robar santsi yake yi. Tunda kana da ramin, yi amfani da shi.

Ɗan Kurna:

Oga, ni dai ban ga abin kashe kuɗi a nan ba. Tunda yana da jak ɗin mota, ya kafe mashin a jak ɗin gefe, ya sa na motar da guntun katako a ɗaya gefen, ya ɗaga kaɗan har taya ta bar ƙasa. Haka muke yi tuntuni.

Bakanike, Fagge:

Ƙanena, dabarar nan gaskiya ce, amma tana da iyaka. In cen kawai za ka shafa wa mai, ka ɗaure birkin gaba da roba, ka ɗaga taya kamar kaurin yatsa ɗaya, ba laifi. Shi kuwa cewa ya yi zai kwance taya. Da zarar ka zare tayar baya nauyi ya koma gaba, ga shi kana jijjiga mashin kana bugun sandar taya ta fita, duk a kan jak ɗin gefe da guntun katako. In ya kife, robar jikin Ninja da fitila sun ninka kuɗin jak sau da yawa, kuma ba kowane shago ake samunsu ba, wani lokaci sai an aiko daga Legas. Balle a ce ƙafar mutum ce a ƙasa.

Alhaji, Maraɗi:

Salamu alaikum. Ni ina da na haidurolik, da shi nake ɗaga babban mashin ɗina, ya kuma yi mini daidai saboda shasinsa shimfiɗe yake ta ƙasa. Ga wanda irin nawa ya dace da shi, abu biyu: da ka ɗaga, ka jefa ƙarfen kulle a haƙorinsa, don man ciki yana sulalewa a hankali, ka bar mashin a sama da dare ka tarar ya sauko ya karkace. Sannan ka ɗaure mashin da bel a jikin jak ɗin kafin ka taɓa sifana. Amma ɗana, naka ba irin nawa ba ne, ka bi maganar bakanike. Babban tebur ɗin nan da ake hawar da mashin gaba ɗaya a kai kuma na masu gareji ne. Yana hutar da baya, sai dai ya cinye rabin tsakar gida, kuma ko a kansa sai ka nemi abin ɗaga taya.

Mai walda, Panteka, Kaduna:

In na kamfani ya yi maka tsada ko bai samu ba, muna haɗawa. Ba wani sirri a ciki: faif ne lanƙwasasshe, da tayoyi, da baki biyu. Inda aikin yake shi ne awo. In ya yi gajarta taya ba za ta tashi ba. In ya yi tsayi za ka danne shi da dukan ƙarfinka, ka ɗaga mashin sama fiye da kima, mayar da taya ya zama wahala. Abin da ake so taya ta bar ƙasa da santimita 3 zuwa 5. Kuma in mashin ya hau, dole maƙalan su ɗan wuce saitin tayoyin jak ɗin ta wajen hannunsa, yadda nauyin mashin ne da kansa zai danne shi a ƙasa. In mai walda bai fahimci wannan ba, ana taɓa mashin jak ɗin zai tashi. Kada ka yarda da siririn faif na kujera, ka nemi mai kauri, milimita 2 ko fiye, a kuma sa tokara a kowace kusurwa. Wani na kamfanin ma mai araha ne, in ka matse ƙafafunsa da hannu za ka ji suna lanƙwasa. Irin wannan a bar shi a shago.

Mai tambaya, Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Na leƙa, ga ramukan nan kamar yadda Oga ya faɗa, ƙasa ce ta cike su. Saura biyu: yaya zan yi da tayar gaba? Kuma mutum ɗaya zai iya ɗora shi ba mai riƙe masa?

Bakanike, Fagge:

Ka fara wanke zaren ramin da kananzir da tsohon buroshi kafin ka murɗa komai a ciki.

Jak ɗin gaba daban ake sayarwa, kuma iri biyu ne. Akwai mai tallafar ƙasan shokazoba, ya ishe ka kwance taya. Akwai mai sanda da ke shiga ramin ƙarƙashin wuyan mashin, shi ake nema in za a zare shokazoba. Na farkon ya wadace ka, kuma ba gaggawa, domin cen da baƙin mai da birkin baya duk na baya zai yi maka su. Takalmin birkin gaba ma ana canja shi taya na ƙasa. Doka ɗaya ce: ba a ɗaga gaba sai baya na kan jak, kuma gaba ake fara saukewa.

Ɗorawa kai kaɗai yana yiwuwa, amma farkon farawa ka sa wani ya riƙe maka kan mashin har hannunka ya faɗa. A kan simintin za ka yi, ban da ƙasa, don tayoyin jak nutsewa suke yi gefe ɗaya. Ka sa katako ƙarƙashin jak ɗin gefe yadda mashin zai kusa miƙewa, ka ɗaure birkin gaba. Ka tsaya a baya ta hagu, ka sa bakin hagu a maƙalinsa, hannu ɗaya a kan kujerar baya ka miƙar da mashin, ka duba da idonka bakin dama ya shiga, sannan ka danna hannun jak ƙasa gaba ɗaya ba tsayawa a rabi. Wajen saukewa ka tabbata jak ɗin gefe a buɗe yake kafin ka ɗaga hannun.

Notin tayar baya ɗaure yake tamau, ka sassauta shi tun mashin na ƙasa, ɗaurin ƙarshe ma a ƙasa. Sakin cen na Ninja 300 milimita 20 zuwa 30 ne, littafinsa kuma a kan jak ɗin gefe ya ce a auna, saboda haka bayan ka gyara ka sauke ka sake aunawa. Cen ɗin yana da 'yan robobi tsakanin ƙarafunsa, da kananzir ake wanke shi, fetur yana lalata su. Ina kuma roƙonka don Allah, kada ka tayar da inji ka sa giya don taya ta juya kana goge cen da tsumma. Tsumman yake fara kamawa, yatsu su bi. Da hannu ake juya taya, inji a kashe, makulli a aljihu. In akwai yara a gida, kada a bar mashin a sama ba babba a wurin.

Mai tambaya, Zariya:

Na ɗauka, Oga, Allah Ya saka. Zan nemo maƙalan milimita 10 tukuna. Malam na Panteka, wane awo zan turo maka?

Mai walda, Panteka, Kaduna:

Sai ka ɗaura maƙalan tukuna. Wani ya riƙe maka mashin a miƙe a kan siminti, taya cike da iska, ka auna daga ƙasa zuwa tsakiyar maƙali, sannan daga kwarmin dama zuwa na hagu. Ka haɗa da hoton gefen salansa, in ga ko bakin jak ɗin zai goge ta.