Zan je Las Vegas gasar kartar foka, ina ya kamata in sauka?

Ɗan Birni: Jama'a barkanku. A Houston nake zaune, mun daɗe muna buga foka da abokai a gida. Bana ina son in je WSOP, wato jerin gasannin foka na duniya da ake yi a Las Vegas, cikin Yuni. Babbar gasar dai dala 10,000 ce kuɗin shiga, ta fi ƙarfina, ƙananan nake hari. Wane otal ya fi, kuma nawa zan riƙe?

Baban Ummi: Ƙanena, tun 2022 gasar ta bar otal ɗin Rio, yanzu a otal-otal ɗin Horseshoe da Paris ake yi, kuma a haɗe suke ta ciki. Ka sauka a ɗayansu ko Flamingo. Kada taswira ta ruɗe ka ka ce za ka taka, zafin Yuni kan wuce digiri 40, ga otal ka hango amma tafiya ta ƙi ƙarewa. Cikin zauren kuwa sanyin na'ura har haƙora ke kaɗawa, ka riƙe rigar sanyi. Sai kuma kuɗin da otal-otal ke ɗorawa kowane dare bayan farashin ɗaki, shi ke cinye mutum.

Malam Tsoho: Ɗana, caca ce fa, ka san hukuncinta. Na dai faɗa.

Ɗan Birni: Na ji, Malam, na gode.

Kwamanda: Ka raba kuɗin wasa da na abinci, kada su haɗu a aljihu ɗaya. In ka gaji da taron, otal-otal ɗin Orleans da South Point na yin ƙananan gasa masu sauƙin kuɗi. Kar ka manta fasfo ko lasisi, ba a yi maka rajista sai da shi.