Daga Acol zuwa Precision: wa ya taɓa sauya tsarin tayi a wasan kati na bridge?

Bazazzagi a Leeds:
Salam 'yan uwa. Shekara huɗu kenan ni da fatna na muna buga tsarin tayi na Acol, shi muka tarar ana yi a nan Ingila, in ka ce 1♥ to hat ɗin ne a hannunka ko da guda huɗu ne, 1NT (tayin da ba turom) kuma maki 12 zuwa 14, ba wani ɓoye-ɓoye. Watan jiya a gasar tim wasu mata biyu masu Precision, tsarin da 1♣ ke nufin hannu mai ƙarfi, suka buɗe 1♣ a teburinmu, suka yi ta tayi na zaurance har sau bakwai, kowanne sai an yi mana alat, wato gargaɗin cewa na zaurance ne, suka sauka a 6♦, wato silam (alkawarin cin zagaye 12 cikin 13), kuma suka ci. Mutanenmu a ɗaya teburin da katunan nan dai a 3NT suka tsaya, IMP 10, makin gasar tim, ya tafi. Tun ranar fatna na ya hana ni sakat wai mu koma Precision. Don Allah wanda ya taɓa sauyawa ya faɗa min abin da ya gani da idonsa.

Malamin lissafi:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ni na sauya, shekara shida yanzu, kuma gaskiya ba silam ne ribar da na fi gani ba. Tunda duk hannu mai maki 16 zuwa sama ta 1♣ yake bi, in fatna ya buɗe 1♠ na san bai wuce 15 ba, to ina riƙe da 13 da sifed huɗu sai kawai in ce 4♠ in yi shiru, abokan hamayya ba su san ko ƙarfi gare ni ko toshe musu hanya nake ba, an sha yi min dobul (tayin ninka maki) a banza saboda haka. Wannan kusan kullum yana zuwa, silam ɗin da kake magana kuwa sai a yi zama biyu uku bai zo ba.
Kuma tsarin ba wasa ba ne, C.C. Wei ya kawo shi, Taiwan da ba wanda ya sa su a lissafi suka zo na biyu a gasar duniya ta Bermuda Bowl 1969 suka sake a 1970. Su kansu Blue Team na Italiya da suka doke su a 1969 da 1♣ na zaurance suke buga nasu, daga baya Belladonna da Garozzo suka rungumi Precision ɗin.

Hajiyar Manchester:
Malam ka faɗi daɗin ka bar ɗacin. Ni wata tara na yi a Precision na dawo gida. Hannun da ya kore ni har yau ina tuna shi, maki 18, hat biyar dayamon biyar, na buɗe 1♣, yaron da ke haguna ko kallon katinsa bai gama ba ya ce 3♠, fatna ta ta yi dobul wai tana da ɗan abu, na dama ya ƙara 4♠, to yanzu fa a mataki na biyar zan fara faɗin launina kuma ban faɗi ko ɗaya ba tukuna!! Na ce 5♦ ashe hat huɗu ne da ita, muka faɗi. Da 1♥ na buɗe tun farko da ta san inda muka dosa. Wlh da zarar sun ga 1♣ ɗinka mai ƙarfi ne shigowa suke da komai, musamman in ba su vul, wato tarar faɗuwarsu ba yawa, don sun san hannun naku ne, ɓata muku hanya kawai suke so. A tebur mai shiru Precision ba ta da na biyu amma a gasa wa zai maka shiru.

Malamin lissafi:
Hajiya wannan gaskiya ne ban musa ba, ni ma an sha yi min. Sai dai mun zauna mun rubuta me fas ke nufi me dobul ke nufi bayan an shigo mana, shafi uku, tun nan abin ya ragu.

Ɗalibi a Warsaw:
Yaya ni nan Poland na koyi wasan, kusan kowa Polish Club yake yi. 1♣ ɗinmu fuska uku gare shi, ko hannu daidaitacce 12 zuwa 14, ko kulob da 15 zuwa sama, ko kowane irin hannu mai 18 zuwa sama. Na lura ba a yi mana irin tsallen da aka yi wa Hajiya sosai, saboda yawanci mai raunin ne ke fitowa, wanda ya shigo da shirme zai iya toshe wa nasa fatnan gem (kwangila irin 3NT ko 4♠). Matsalata ita ce mantuwa, akwai ranar da na manta ma'anar 2♦ a zagaye na biyu muka buga kwangila da turom shida kacal a tsakaninmu, fatna na bai ce min uffan ba har muka isa tashar taram, abin ya dame ni kwana biyu.

Baban Ummi:
Shekarata talatin a wasan nan, yanzu a BBO, shafin bridge na intanet, na fi bugawa da tsarin 2/1. Yaro kafin ku sauya ka tambayi kanka sau nawa kuke zama da fatnan nan a wata. Meckstroth da Rodwell, ƙwararrun Amurka da ake ta misali da su, tun shekarun 1970 suka fara buga tare, aikinsu kenan. Ni da marigayi abokina mun gwada Precision muna haɗuwa sau ɗaya a mako, 1♦ da za ka buɗe da dayamon biyu kacal shi ya fi ba mu wahala, in an shigo ba ya sanin ko ya ɗaga ni ko a'a. Kuma Acol ɗin naku ai ba tsantsa ba ne, Stayman da Blackwood da transfer duk zaurance ne. Silam ɗin da ya wuce ku ina zargin dabarun tayi irin su splinter ko inverted minors kawai mutanenku suka rasa, turo hannun mu gani.

Bazazzagi a Leeds:
Na gode Baba, Allah ya jiƙan abokinka. Sau biyu muke zama a wata, wani lokacin ma ɗaya in aiki ya yi yawa. Inverted minors kam ba ma yi. Takardar hannuwan tana mota, bod na 14 ne, in na sauka daga aiki da daddare zan turo. Malam in ba damuwa ina son ganin shafi ukun nan naka.