Ƙwallo yana maƙale mini a ƙasan sandar da ke ɗaga shi, wa ya taɓa fama da wannan?

Baban Tagwaye:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na buga hanyar ƙwallaye da firintar 3D ta gida, da zaren roba da ake kira PLA, irin wadda ƙwallon gilashi zai gangaro, sai murɗaɗɗiyar sanda ta ɗauke shi ta mayar sama ya sake gangarowa. Gangarowar lafiya lau. Matsalar tana can ƙasa, inda ƙwallo zai shiga sandar. Sai ka ga haƙorin sandar ya danne shi da bango, moto ya yi ta gurnani ya tsaya cik. Ƙaramin moto ne N20 mai 6V. Don Allah duk wanda ya taɓa haɗa irin wannan ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Mai Kalifa:
Wa alaikumussalam. Malam, kafin ka taɓa zanen, auna ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya. Ana sayar da su a matsayin milimita 16, amma na gilashi ba sa zama daidai. A cikin jaka ɗaya na samu wanda bai kai ba, na samu wanda ya zarce, har da wanda ba zagayayye sosai ba ne. Nawa ya riƙa aiki na ɗan lokaci sannan ya tsaya, ashe ƙwallo ɗaya ne mai laifin, duk sanda ya zagayo sai ya cije. Na ɗiga masa alama da maka, na zauna ina kallo, shi ne kuwa kullum. Da na cire shi shikenan.

Injiniyan Gida:
Awon yana da kyau, amma ni a ganina bakin shigar ne, domin abin da ka kwatanta shi ne ainihin abin da ya same ni. Idan ƙwallaye biyu za su iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa a wajen, ko na biyu ya iya cusa rabin jikinsa kafin na farko ya tashi, dole wata rana a danne ɗaya. Abin da na yi, na matse ƙarshen hanyar ya zama layi ɗaya, faɗinsa ya ɗara ƙwallo da kamar milimita 1 kawai, kuma na rage gangaren wajen sosai don ƙwallo ya iso a natse. Sannan na zagaye gefen haƙorin sandar na farko. Haƙori mai kaifi kama ƙwallo yake yi, mai santsi kuwa tura shi baya yake yi ya jira zagaye na gaba.

Sai maganar gudu. Moton nan ana yin sa da giya daban-daban, akwai mai juyi 30 a minti, akwai mai ɗaruruwa. Mutane da yawa sukan sayi mai gudu su ce za su rage shi da PWM, wato kunna wuta da kashe ta da sauri-sauri don rage gudun moto, to idan ka rage sosai ƙarfin ma tafiya yake yi, ɗan cijewa kaɗan sai ya tsaya. Gara ka samu mai giya a hankali tun farko. Ni tsakanin 30 da 60 ne ya yi mini daɗi.

Maman Yara:
Ni tawa matsalar a mahaɗar gutsattsarin hanya take. Layin farko da ke manne da farantin firinta yakan ɗan baje ya fi sauran faɗi, wanda ake kira ƙafar giwa. Ido ba ya gani sosai, amma ka shafa da farce za ka ji tudu. Ƙwallon da ya taho a hankali a nan yake tsayawa, na baya su taru a kansa. A cikin Cura da PrusaSlicer, manhajojin da ke shirya wa firinta zane, duk akwai wajen rage wannan, ni kuma nakan ƙara bi da samfefa mai laushi. Haka ɗinkin da bakin firinta yake bari inda yake fara kowane layi, na mayar da shi bayan hanya, ba cikin inda ƙwallo yake bi ba.

Kuma don Allah masu ƙananan yara a kula. Ƙwallayen nan daidai maƙogwaron yaro suke, ɗan ƙasa da shekara uku bai kamata ya kusance su ba. Ni ƙirga su nake yi kafin a fara da bayan an gama.

Ɗan Koyo:
Yaya, ka duba inda sandar moto ta shiga robar. Nawa na ɗauka maƙalewa yake yi, ashe moto yana ta juyawa, murɗaɗɗiyar sandar ce ba ta bin sa. Ƙarfen N20 milimita 3 ne, gefe ɗaya a shafe, kuma ramin da na buga masa ya cinye ya zama zagaye. PLA tana fara laushi wajen digiri 60, to moton da ya cije ya ɗau zafi nan da nan yake lalata ramin. Na sake buga wannan ɗan gutsuren da PETG, robar da ta fi PLA jure zafi, na ƙara kaurin bango, na ɗaure da ƙaramin sukurun M3 a kan gefen da ke shafe.

Tsohon Makaniki:
Yarana, ni na bar murɗaɗɗiyar sanda gaba ɗaya. Tana da kyaun kallo, ban musa ba, amma doguwa ce, kuma idan an buga ta a tsaye takan ɗan lanƙwashe ta riƙa gugar bango a waje ɗaya. Na koma faifai mai ramuka a gefe, kowane rami ƙwallo ɗaya, kamar guga a rijiya, ya ɗauka a ƙasa ya juye a sama. Moton da na sa 28BYJ-48 ne mai 5V, irin mai juyawa taku-taku, da allon ULN2003 da Arduino da ke sarrafa shi. Abin da nake so da shi, idan wani abu ya cije tsallake taku yake yi, ba ya karya haƙori. Ga wanda yake tunanin komawa ƙwallon ƙarfe saboda girmansu ɗaya, gaskiya ne sun fi daidaito, amma na ƙarfe mai milimita 16 ya ninka na gilashi nauyi kusan sau uku. Moto zai ji a jikinsa. 

Baban Tagwaye:
Allah ya saka da alheri. Na auna, na ware biyu da suka fi girma, na matse bakin shiga na zagaye haƙorin kamar yadda Injiniya ya ce. Tun ɗazu yake juyawa bai tsaya ba, yara sun ƙi tashi daga gabansa. Abin da ya rage, saman sandar yana ƙara yana rawa, domin roba ce kawai take juyawa cikin roba. Baba Makaniki, giris zan sa?

Tsohon Makaniki:
A'a, kada ka sa giris, zai shafi ƙwallayen su kwashi ƙura su riƙa santsi a kan haƙori. Sa boris mai lamba 608 a saman, raminsa milimita 8, bayansa 22, kaurinsa 7. Ka buga masa gida ka bar tazarar kamar milimita 0.2, amma fara buga ɗan zobe na gwaji tukuna, don kowace firinta da yadda take matse rami. Idan ya shiga da turin babban yatsa, ya yi. Sannan ka juya sandar da hannu, moto a cire, ka saurara ko akwai inda take guga.