Mu huɗu za mu Sakkwato da hunturun nan, kuɗi bai cika ba kuma hanya na ba mu tsoro

Ɗan Ringim: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon magana, kwana uku ke nan abin yana cina a rai.

Ni manomi ne a wani ƙauye cikin ƙasar Ringim. Kakana na wajen uba, wanda ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida, Allah Ya yi masa rasuwa da daminar nan, daidai lokacin da gero ya fara fitar da kai. Yana saurayi ya taɓa zuwa Sakkwato a bayan gingimari, ya ziyarci Hubbaren Shehu, ya yi Juma'a a Masallacin Shehu. Tafiyar nan guda ɗaya ita ce labarinsa har ya bar duniya. Duk hunturu in an hura wutar kara a zaure, zai miƙe ƙafafunsa masu faso yana shafa musu man kaɗanya, sai ya ɗauko labarin tun daga farko: yadda ya cire takalmi tun daga nesa, yadda sanyin ƙasa ya ratsa masa tafin ƙafa, da wani dattijo da ya miƙo masa fura a ƙwarya bai ko tambayi garinsu ba. In ya gama sai ya dafa kaina ya ce kai ma in Allah Ya hore maka ka je ka gani da idonka. Na ji labarin nan ya fi a ƙirga, ban taɓa gajiya da shi ba.

Ranar sadakar uku muna zaune da abokaina muka yi alkawari za mu je bayan kaka. Mu huɗu ne: ni, da tela, da malamin firamare, da mai cajin waya. Muka yanke kowa ya kawo naira dubu 50. Na kai riɗina Gujungu na sayar na sa nawa. Tela ya cika nasa. Malam ya ba da dubu 30 yana jiran albashi. Mai caji bai ba da ko kwabo ba, ya ce in mun dawo zai biya. Yanzu dubu 130 ce a hannuna. Hutun Malam zai ƙare farkon Janairu, in ya wuce shi ke nan. Ga mahaifiyarsa kuma ta ce ba da yawunta ba in zai bi hanyar Zamfara.

Don Allah kuɗin nan zai kai mu ya dawo da mu? Ina talaka ke kwana a Sakkwato? Kuma wace hanya za mu bi?

Maman Tagwaye: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Kaka, Ya sa ya huta. Kwana nawa za ku yi? Ba ka faɗa ba. Kuma kai naka iyayen sun sani?

Tsohon Direba: Yaro, saurare ni da kyau. Shekara 19 na yi ina jan mota tsakanin Kano da Sakkwato, babu ramin da ban sani ba. Daga Kano tafiyar ta haura kilomita 500. Za ka bi Funtuwa, ka shiga Tsafe, ka wuce Gusau, ka wuce Talata Mafara, sannan ka ga Sakkwato. Wuni ce cur. Kuɗin da ke hannunka ku huɗu, kuɗin mota zuwa da dawowa zai lashe shi kusan duka, ba a yi maganar Ringim zuwa Kano ba, ba a yi maganar ci da sha ba. Wannan ɗaya ke nan.

Na biyu, yanzu lokacin hazo ne. Akwai safiyar da ba ka ganin motar da ke gabanka sai ka zo daf da ita, direba kuma yana gudu don ya wuce wuraren da ake tsoro kafin la'asar. Mai ƙaramin kuɗi shi ke neman motar bakin titi don ya rage dubu biyu, ita ce kuma ke tashi da rana tsaka, dare ya yi mata a daji. Araha ba ta ado. Halin da ake ciki tsakanin Funtuwa da Gusau ba sai na faɗa wa kowa ba.

Shawarata ɗaya ce, ba ni da ta biyu. Ku bi Kazaure ku shiga Daura, ku ga rijiyar Kusugu inda aka ce Bayajida ya kashe macijiya, ku ga fadar Sarki. Washegari ku wuce Katsina ku ga hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon kusan mita 15, ku shiga tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yanzu gidan tarihi ce. Kwana biyu, ku dawo da canji a aljihu.

Ɗan Ringim: Na gode Baba, Allah Ya ƙara girma. Amma Daura na je har sau biyu ɗaurin aure. Ba yawon buɗe ido kawai muke nema ba, Kaka ba Gobarau ya ce in je ba. Kuma kullum motoci na zuwa Sakkwato suna dawowa, ai ba a rufe hanyar ba.

Tsohon Direba: Masu zuwa kullum dole ce ta sa su, kasuwa ko aiki ko asibiti. Kai wace dole ce ta kama ka?

Tela Daga Garki: Ni ba hanya ce ta dame ni ba, mai cajin nan ne. Wallahi ka cire shi tun yanzu. Shekara uku da suka wuce mu biyar muka yi haɗaka za mu Zariya mu ga ganuwa da dutsen Kufena, ɗaya ya ce shi ma sai mun dawo. A hanya shi ya fi kowa cin tsire, shi ya ce ba zai kwana a zaure ba sai ɗaki. Har yau dubu 12 tawa na hannunsa. Abin da ya fi min ciwo ba kuɗin ba ne, tare muka yi makarantar allo, yanzu in mun haɗu a masallaci kau da kai yake. Na yi asarar kuɗi na yi asarar aboki.

Ɗan Ringim: A'a Yaya, wannan ba irin wancan ba ne. Injinsa ne ya ƙone watan jiya. Kuma shi ya kwana uku a asibiti da Kaka lokacin da nake gona. Ba zan iya kallon idonsa in ce ya zauna ba.

Baƙon Damagaram: Akwai hanyar da ba ta taɓa Zamfara ko kaɗan. Daga Daura ku tsallaka ta Kwangwalam, ku hau babban titin Nijar, ku bi Tasawa, Maraɗi, Birnin Ƙonni, sai ku faɗo Illela ku shiga Sakkwato ta arewa. Ku riƙe katin shaida, ku canji ɗan kuɗi zuwa sefa. Uwar Malam ma hankalinta zai kwanta.

Tsohon Direba: Kada ka kashe yaran nan da zagaye. Mutumin da kuɗinsa bai isa miƙaƙƙiyar hanya ba za ka sa shi ya shiga wata ƙasa? Naira in ta haɗu da sefa narkewa take yi kamar kitse a wuta. Ga shingaye, kowanne sai an sauko an nuna takarda. Kwana biyu za su yi kafin su ga Illela.

Baƙon Damagaram: Baba, rai ya fi kuɗi ai.

Malam Na Islamiyya: Ɗan uwa, ina maka nasiha saboda Allah. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa ba a ɗaura sirdin tafiya don ibada sai zuwa masallatai uku: na Makka, na Madina, da na Ƙudus. Kuɗin nan ka yi wa kakanka sadaka da shi, ka sa hannu a gyaran rijiya ko ka ciyar da almajirai, ya fi masa amfani a kabarinsa.

Almajirin Shehu: Malam, malamai sun yi saɓani a kan abin da hadisin ke nufi, kai ma ka sani. Yaron nan bai ce zai je ya roƙi kabari ba. Zai yi sallama, ya yi addu'a, ya ga inda aka kafa daular da ƙasarsu ta Kano ta shiga ƙarƙashin tutarta. Muhammadu Bello ne ya gina garin a 1809, Shehu ya taso daga Sifawa ya zauna a ciki, ya rasu a 1817 aka binne shi a gidansa, shi ne Hubbaren. 'Yarsa Nana Asma'u ma a nan kusa da shi take. Akwai gidan tarihi na Waziri Junaidu mai ɗauke da tsofaffin rubuce-rubuce da kayan yaƙi, akwai Giginya inda aka kara da Turawa a 1903. Yaranmu nawa ne suka san wannan? Sai dai in kun je kada ku ce za ku ƙarasa Wurno wurin kabarin Bello, ku tsaya cikin gari.

Maganar masauki kuwa, ku nemi wani daga garinku mai karatu ko sana'a a can, ya ba ku zaure ko shagonsa. Ku tafi da bargo da tabarmar roba, sanyin asuba a can ba wasa ba ne duk da zafin da aka san garin da shi. Guzuri ku yi daga gida: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, soyayyiyar gyaɗa, da dabino.

Mai Kula Da Zaure: Don Allah a bar muhawarar aƙida a nan, a amsa masa abin da ya tambaya.

Bahaɗejiya: Ni abin da ke ƙona min rai, kullum tarihi sai na nesa. A Haɗeja a 1906 Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka kashe shi da jarumansa a cikin garinsa. A Birnin Kudu akwai zanen shanu a jikin duwatsu tun na mutanen da. Na kai 'ya'yana bara, mu kaɗai muka tarar a wurin. Ɗan Jigawa zai ci bashi ya tafi wata jiha, bai taɓa taka nasa ba.

Ɗan Ringim: Ba bashi na ci ba Hajiya, guminmu ne.

Maman Tagwaye: Ƙanena, har yanzu ba ka ba ni amsa ba. Innarka ta sani? Kuma kuɗin riɗin nan, ba shi ne na noman rani ba? Ina tambaya ne don na gani a gidana. Maigidana ya tafi ziyara shekarar da ta wuce da kuɗin taki, ya bar min kwano huɗu na dawa da yara shida. Da ya dawo maƙwabta sun riga sun dasa albasa, mu kuwa fadamarmu ta bushe haka nan. Har azumi muna cin bashi a kanti. Shi ya dawo da labari mai daɗi, ni na san yadda na wuni.

Ɗan Ringim: Inna ta san za mu yi tafiya. Ban faɗa mata garin ba tukuna, tana da hawan jini, ba na son ta kwana tana tunani. Kuɗin rani kuma na taɓa kaɗan ne, ina da buhu biyu na gero da zan sayar in farashi ya ɗaga. Kwana uku kawai za mu yi, har da na hanya.

Tsohon Direba: To ka ji. Uwa ɗaya ta hana, ɗaya ba a faɗa mata ba, kuɗi bai cika ba, an taɓa jarin gona. Kwana uku har da hanya kuwa, wuni ɗaya tak za ku yi a garin. Yaro, kakanka da ka ba mu labari ya je lokacin da mutum ke kwana a bakin titi ba abin da zai same shi sai sauro. Da yana raye yau da kansa zai riƙe rigarka. In ka ƙi ji ka nace, to aƙalla ku kwana a Kano, ku shiga motar tasha ta farko bayan sallar asuba, ku rubuta sunayenku a takardar fasinja, kada ku sa kaya masu kyau, kuɗin kuma ku raba shi aljihu huɗu. Amma ni ban ce ku je ba.

Almajirin Shehu: Ko ku ɗaga zuwa baɗi, ku ƙara tari. Hubbare ba ya tashi.

Ɗan Ringim: Baɗi Malam yana sa ran za a yi masa canjin makaranta, tela kuma aure zai yi bayan Sallah. In ba bana ba, na san mu huɗun nan ba za mu sake haɗuwa a mota ɗaya ba. Shi ma Kaka shekara nawa yana cewa zai koma, bai koma ba. Na ji duk abin da kuka ce, Allah Ya saka da alheri. Yau da daddare za mu zauna a shagon tela. Wataƙila mu uku mu tafi in Malam bai samu izini ba, ko da yake shi ne ya san wani ɗalibi a can da zai ba mu ɗaki.

Akwai wanda ya bi hanyar Gusau cikin makon nan ya faɗa min nawa ya biya, kuma ƙarfe nawa suka isa?