Fall foliage da Hausa: ni dai na tsaya a kan "nunar ganye"

1/ Jama'a, ina neman masu Hausa su taya ni duba wata kalma. A arewa maso gabashin Amurka, daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, ganyen itatuwa kan bar kore ya koma ruwan ɗorawa da ruwan goro da ja wur, sannan ya zube. Mutanen nan suna ce wa abin fall foliage. Bana muna shirin kai 'yarmu duwatsun White Mountains da ke jihar New Hampshire ta gani. Yanzu take tatata, bakinta na buɗewa, duk abin da aka faɗa sai ta maimaita. Ina so sunan da zai fara shiga kunnenta ya zama na Hausa, wanda in ta faɗa wa kakarta a waya za a gane.

2/ Lokacin ba shi da gardama, kaka ce. Sai dai kaka a kunnen Bahaushe girbi ce, sabon gero da rumbu da dambe da bukukuwa, babu launi a cikinta. Itatuwanmu ma ba haka suke yi ba. Kuka takan kaɗe in rani ya kama, ta tsaya tsirara. Gawo kuwa da damina yake zubar da nasa, ya yi kore shar lokacin da kowa ya bushe. Ba mu saba ganin dutse guda ya koma ja daga sama har ƙasa ba, shi ya sa kakanninmu ba su bar mana suna ba.

3/ An ba ni "zubar ganye" da "kaɗewar ganye". Ban karɓa ba. Zubar ita ce ƙarshen abin, ita ce ma matafiyi ke gudu. Wanda ya tuƙo mota awa biyu daga Boston ya tarar ganye ya zube, ya yi asarar mai.

4/ Wata 'yar'uwa ta kawo "lallen daji", wani kuma "rinin ganye". Lallen daji ya yi mini daɗi ƙwarai, mai waƙa zai more shi. Amma lalle da rini duka daga waje ake kawo launin a ɗora, nan kuwa daga cikin ganyen yake fitowa. In yini ya fara gajarta dare na tsawo, itacen sai ya daina ƙera kulorofil, sinadarin da ke ba ganye kore. Da koren ya janye sai ruwan ɗorawa ya bayyana, wanda dama yana nan tun damina, rufe shi aka yi. Jan ne sabo. Itacen kan fara toshe hanyar da ke tsakanin reshe da ganye, sukari ya maƙale a ganyen, daga sukarin nan jan ke samuwa. Shi ya sa shekarar da aka samu rana mai haske da dare mai sanyi wanda bai kai ga daskarewa ba, jan ya fi ƙayatarwa. Fari kuwa, wato ƙarancin ruwan sama, kan sa ganye ya dushe ya zube da wuri.

5/ Abin da yake kore, ya sauya launi daga ciki in lokacinsa ya yi, ya ɗan jima a haka, sannan ya faɗo da kansa, ai muna da kalmarsa: nuna. Haka mangwaro ke yi. Don haka na ce nunar ganye. Tafiyar kuma kallon nunar ganye, masu zuwa 'yan kallon ganye.

6/ Abin da ya fi ɗaure ni da kalmar shi ne tana aiki a baki. Duk shirin tafiyar nan a kan lokaci ya rataya, dole suna ya zo da aikatau da za a riƙa juyawa. Ku gwada: bai nuna ba tukuna. Ya fara nuna. Ya nuna. Ya zarce. Ya zube. Da su kaɗai zan karanta wa maigidana taswirar nunar ganyen da jihar ke sabuntawa a intanet ba tare da na ari kalma ko ɗaya ba. Nunar daga arewa take gangarowa kudu, daga kan dutse take saukowa kwari. In sama ta zarce, ƙasa yanzu take nuna. Ku gwada faɗin wannan da "rinin ganye" ku ji yadda harshe ke sarƙewa.

7/ Na san abin da za a ce, an ma riga an faɗa mini: a kicin in aka ce ganye ya nuna, alayyahu ne ya dahu. Gaskiya ne. Amma nunar tuwo da nunar gwanda sun daɗe suna zaune a Hausa ba su taɓa rikita kowa ba. Inda ake tsoron ruɗani a ƙara kalma ɗaya, a ce nunar ganyen kaka.

8/ An ma tambaye ni Hausar toddler, kalmar Turanci ta ƙaramin yaro irin 'yarmu. Wannan ba sai an ƙirƙira ba, mai tatata ne, ko yayayye in an yaye shi. Kuma shi ne ke tsara tafiyar, ba iyayen ba. Hanyar da muka zaɓa ita ce Kancamagus, tsakanin garin Lincoln da Conway, wajen kilomita 55 cikin daji. Babu gidan mai, babu kanti, sabis ɗin waya ma ɗaukewa yake yi a yawancin hanyar. Sai a cika tanki, a ɗauki ruwa da abinci da famfas tun daga gari. Tuƙi mai tsawo a daidaita shi da barcin ranarta, tana ɗaure a kujerar yara, wadda doka ce a nan. Rigar sanyi kuma biyu marasa nauyi sun fi guda mai kauri, don safiya da tsakar rana ba ɗaya ba ne, kuma hanyar na hawa har wajen mita 870.

9/ Wuraren tsayawa gajeru muke nema. Zuwa magangarar ruwa ta Sabbaday, tafiyar kusan rabin kilomita ce daga inda ake ajiye mota. Kwazazzabon Flume Gorge kuwa, duk da shahararsa, zagayen ya haura kilomita 3 kuma akwai matakala da yawa, keken tura yara ba zai yi ba. A nan zane da majanyi sun fi duk abin da ake sayarwa a kanti. A goye take ganin abin da uwa ke gani, hannun uwa kuma a sake. In an sauke ta, ba dutsen can nesa za ta kalla ba. Durƙusawa za ta yi ta tsinci ganye ɗaya, ta juya shi, ta yar, ta ɗauki wani, ta nufi baki da shi. A ba ta lokacinta, amma ido na kanta, musamman a bakin kogin Swift inda duwatsu ke da santsi. Da yamma a tuɓe ta a duba bayan kunne da wuya da hammata, don kaska na nan a cikin Oktoba kuma ita ke yaɗa cutar Lyme.

10/ A guji ƙarshen makon da ke haɗe da hutun Litinin ta biyu a Oktoba. Motoci kan yi layi, masauki ya yi tsada, yaro ya gaji tun ba a isa ba. Tsakiyar mako da sassafe ya fi.

11/ Saura guda da ban warware ba: itacen da ya fi kowanne ja, wanda ganyensa ke jikin tutar Kanada tun 1965. Ba mu da shi, ba na kuma son a laƙaba masa sunan wani itacen namu a ruɗa yara. Ina ganin a bar shi mapul kawai. Hausawan da ke Kanada da Japan da Koriya, ku ma kuna ganin wannan nunar duk shekara. Me kuke ce masa a gida?