Kotun duniya: alƙali ko ɗan kallo?

Sanusi: Jama'ar Maradi, raina ya ɓaci. Tun 1991 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi alkawarin ƙuri'ar raba gardama a Yammacin Sahara, har yau shiru. Kotun duniya kuma, mai shari'a tsakanin ƙasashe, ba ta da soja ko ɗaya. Sai mai rauni ake danne wa, kamar yadda Najeriya ta ba Kamaru yankin Bakasi kyauta.

Malam Idi: Kyauta? Gyara bakinka, ɗana. Kamaru ta shigar da ƙara a 1994, aka yi shekara takwas ana shari'a, hukunci ya fito ranar 10 ga Oktoba 2002. Kotu ta dogara da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913. Wanda aka kayar a shari'a bai yi kyauta ba.

Hajiya Rabi: Malam, ai hukunci ba ya tashi ya kori soja. Obasanjo ne ya sa hannu kan yarjejeniyar miƙa yankin da shugaban Kamaru Biya a 2006, aka kammala miƙawa a Agustan 2008, alhali majalisar dattawan Najeriya ta ƙi amincewa a 2007. Akwai damar neman sake duba hukunci cikin shekara goma, aka bari ta wuce a 2012. In wannan ba kyauta ba ce, mene ne?

Malam Idi: Sake dubawa sai da sabuwar hujja, Hajiya. Tana ina?

Lawali: Ku 'yan Jibiya kullum Bakasi! Tsibirin Lete da Nijar da Benin suka yi shari'a a kansa fa? A 2005 kotun nan ta bi layin mafi zurfin kogin Kwara, Nijar ta samu tsibirai 16 cikin 25, Benin 9. Ba wanda ya ce kyauta.

Hajiya Rabi: Wa kake ce wa 'yar Jibiya? Kuma Isa ake cewa a Nijar, ba Kwara ba.

Lawali: Tuba nake, yaya, amma ruwan ɗaya ne.

Sanusi: Maganar Sahara fa? Kun bar ta.

Malam Idi: Taƙaitawa a matsayina na mai kula da zaure: sashe na 94 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce wanda aka ƙi bi wa hukunci ya kai kuka Kwamitin Sulhu, can kuma manya biyar ke da ikon hawa kujerar na-ƙi. Amma ko Gaddafi ya janye daga Awuzu, yankin da Libiya ke jayayya da Chadi a kansa, a 1994 bayan hukunci. An yarda ba kyauta ba ce.

Hajiya Rabi: Wa ya yarda?